BABI NA UKU: SAUYA FASALIN MOTA DOMIN ƘARA MATA ƘARFI A ANKA DA GUMMI DA BUKKUYUM

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin sana'ar kanikanci da yadda ta samu gindin zama a ƙasar Hausa. A wannan babi kuwa za a dubi wani reshe na sana'ar, wato sauya fasalin mota ko babur domin a sami ƙarfin da ya wuce wanda kamfani ya ƙera su da shi. Gyara daban, sauya fasali daban. Gyara shi ne mayar da abin da ya lalace yadda yake tun farko. Sauya fasali kuwa shi ne a taɓa abin da lafiyarsa lau, a rage wani abu ko a ƙara, don biyan wata buƙata. Babin zai nuna cewa abin da Turawa ke yi don nishaɗi da gudu, shi direban yammacin Zamfara ke yi don lodi da jure wa hanya, kuma duk ƙarin da aka yi wa mota a wani sashe, wani sashen ne zai biya bashinsa.

3.1 Asalin Al'adar a Ƙasashen Waje

Wannan al'ada ta yi ƙarfi a Amurka tun shekarun 1930, lokacin da samarin Kalifoniya ke sayen tsofaffin motocin Ford, su cire duk ƙarfen da bai zama dole ba don mota ta yi sauƙi, sannan su je busassun tafkuna su yi tsere. A shekarar 1951 aka kafa ƙungiyar NHRA domin ta fitar da tseren daga kan titi zuwa filin da aka keɓe. A kudancin ƙasar kuma, masu fasa-ƙwaurin barasa ne suka riƙa ƙara wa motocinsu sifirin don kada nauyin kaya ya tona musu asiri, suna kuma ƙara wa inji ƙarfi don su tsere wa 'yan sanda. Daga cikinsu aka sami wasu direbobin farko na gasar NASCAR da aka kafa a 1948. Ke nan ko a can ma buƙata ce ta haifi wani ɓangare na al'adar, kafin ta rikiɗe ta zama abin sha'awa.

Kamfanoni ma sun shiga ciki. A 1976 Volkswagen ya fito da Golf GTI mai ƙarfin doki 110, wadda asalinta ƙaramar motar iyali ce aka ƙara mata ƙarfi. Haka kuma Peugeot 504 da aka yi wa shiri na musamman ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Zuriyar waɗannan motoci biyu, wato Golf da Fijo, su ne suka daɗe suna jigila a hanyoyin Arewa.

3.2 Yanayin Yankin da Buƙatunsa

Anka da Gummi da Bukkuyum ƙananan hukumomi ne a yammacin jihar Zamfara, wadda aka cire daga jihar Sakkwato a 1996. Babbar hanyarsu ita ce wadda ta rabu da titin Gusau zuwa Sakkwato a Mayanci, ta bi ta Anka da Ɗaki Takwas zuwa Gummi. Da an sauka daga kwalta kuwa, sai rairayi da rani, taɓo da kwazazzabai da damina. Abin da ake ɗauka shi ne buhunan gero da dawa da shinkafa, da dabbobi, da 'yan kasuwa masu bin kasuwannin mako.

Haƙar zinari ta ƙara wannan buƙata. Garuruwa irin su Bagega da Dareta a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, sun shiga bakin duniya a 2010 saboda gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400. Dutsen zinarin da ake niƙawa a garuruwan, a buhuna ake ɗauko shi daga daji bisa babura da a-kori-kura, kuma buhun dutse ya fi buhun hatsi nauyi nesa ba kusa ba. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, ta ɗage hanin a Disamba 2024. A irin wannan yanayi, idan direba ya ce motarsa tana da ƙarfi, ba gudu yake nufi ba. Nufinsa tana ja, tana ɗauka, ba ta kuma zafi.

3.3 Ire-iren Sauyin da Ake Yi

3.3.1 Ƙarin Sifirin

Wannan shi ne sauyin da ya fi yawa. A-kori-kura da Kanta suna da sifirin mai falle-falle, saboda haka bakanike kan ƙara falle ɗaya ko biyu a kowane gefe. Golf kuwa sifirinta mai murɗe ne, sai a musanya shi da mai kauri ko a cusa roba a ƙarƙashinsa. Amfanin haka shi ne bayan mota ya ɗaga, cikinta ya daina gugar ƙasa. Sai dai sifirin kaɗai aka ƙarfafa. Taya da boris da birki suna nan yadda kamfani ya auna su, kuma Golf don mutum biyar har da direba aka ƙera ta.

3.3.2 Taɓa Inji

Ƙarfin inji yana fitowa ne daga ƙonewar fetur da iska a cikin silinda. Ma'aunin da ya dace shi ne iska kashi 14.7 ga fetur kashi ɗaya, ta fuskar nauyi. Don haka ƙarin mai kaɗai ba ya ƙara ƙarfi, sai an ƙara iska tare da shi. Wannan ne ya sa masu sha'awar tsere ke sanya na'urar tarbo mai cusa iska, su kuma sake tsara kwamfutar inji. A garejin karkara kuwa hanyoyi uku aka fi bi. Ta farko ita ce a faɗaɗa silinda a sa fistin mai girma, wanda ake ƙarawa da rubu'i ko rabin milimita. Ta biyu ita ce a taɓa kafireto a tsofaffin motoci da babura. Ta uku ita ce a sauke injin ɗungum a ɗora babba daga cikin na Beljiyam. Injin da ya fi girma yana buƙatar lagireto da kuloci da giyabos daidai da shi, in ba haka ba, su ne za su fara sarewa.

3.3.3 Cire Wasu Sassa

Kanikawa da dama na cire tamostat su haɗa fanka kai tsaye, bisa hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Alhali aikinsa shi ne riƙe inji a zafin kimanin digiri 90, inda ya fi ƙona mai da kyau. Injin da aka cire masa shi yakan ƙara shan mai, ya kuma yi saurin cinyewa. Haka nan akan fasa tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda ake wa laƙabi da indomi, wai don mota ta numfasa. Ƙarfin da ake samu kaɗan ne, hayaƙi mai guba kuwa ya ƙaru.

3.4 Sauyin Sha'awa a Wajen Matasa

Inda al'adar ta fi kama da ta Turawa shi ne wajen samari masu babura irin su Bajaj Boxer. Sukan huda salansa don ƙara, su cire madubi da murfin gefe, su canza faranti mai haƙora da sarƙa ke bi. Ƙaramin faranti a baya yana ƙara gudu ya rage ja, babba kuma yana ƙara ja ya rage gudu. Saurayi mai wasa da babur a wurin biki yana zaɓen na farko, mai ɗaukar buhu yana zaɓen na biyu. Abin lura shi ne ƙarar salansa ba ƙarfi ba ce. Matsalar tsaro ma ta shafi wannan fage, domin a Satumba 2021 gwamnatin jihar ta taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur, ta kuma rufe kasuwannin mako na wani lokaci.

3.5 Abin da Ake Mantawa da Shi

Babban bambancin da ke tsakanin mai shirya motar tsere da bakaniken tasha yana wajen birki. Mai tsere yakan ƙarfafa birki da taya kafin ya taɓa inji. Dalili kuwa shi ne, idan nauyin mota ya ninka, aikin birki ya ninka. Idan gudu ya ninka, kamar daga kilomita 60 zuwa 120 a sa'a, aikin birki ninki huɗu yake yi. Motar da aka ɗaga bayanta aka kuma jibga mata kaya a sama tana da saurin kifewa a kwana. Mai tsere shi kaɗai ne a motarsa, da hular kwano, a filin da aka killace. Direban Gummi kuwa rayukan fasinja ne a hannunsa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988 tana hukunta lodin wuce kima, kuma a 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu.

3.6 Naɗewa

An ga cewa sauya fasalin mota a wannan yanki ya dogara ne ga hanya da kaya, ba ga nishaɗi ba, in ban da wajen samari masu babura. Cire tallafin man fetur a Mayu 2023 ya ƙara wa direba wata buƙata, wato rage shan mai, wadda ke cin karo da neman babban inji. Basirar kanikawan ba abin rainawa ba ce. Abin da ya rage shi ne a haɗa ta da sanin ma'auni, ta yadda duk wanda ya ƙara sifirin zai duba taya da birki. Babi na gaba zai nazarci kalmomin da kanikawa da direbobi ke amfani da su wajen waɗannan ayyuka.