Yaron Da Ya Iya Canji A Kasuwa, Me Ke Kayar Da Shi A Aji?

Duk wanda ya san unguwannin Hausawa na Kudu, kamar Sabo ta Ibadan, da Agege da Idi-Araba a Ikko, ya san irin yaran nan 'yan shekara bakwai ko takwas masu yawo da farantin talla. A sayi ƙullin gyaɗa bakwai na Naira hamsin-hamsin, a miƙa wa yarinya takardar Naira 500, kafin mai saye ya mayar da hannu aljihu ta riga ta ƙirgo masa canjinsa, Naira 150. Amma idan malama ta rubuta 500 a allo, ta sa 350 a ƙarƙashi, ta ja layi, sai yarinyar nan ta yi tsuru-tsuru. Ƙarshen shekara a rubuta a katinta wai ba ta da kan lissafi, uba kuwa ya ce to, gara ta koma talla ɗungum.

Mai karatu ya lura da yadda take ba da canjin. Ita ba ɗebewa take yi ba, cikowa take yi. Sai ta ce 350, ga hamsin 400 ke nan, ga ɗari 500. A aji kuwa ana so ta fara daga hannun dama, ta ɗebe 5 daga sifiri, abin da hankalinta ya gaya mata ba ya yiwuwa, sa'an nan ta je ta aro ɗaya a maƙwabta. Amsa ɗaya ce, hanya ce dabam, kuma da wuya a sami wanda zai tsaya ya nuna mata cewa abin da take yi a bakin titi shi ne wannan da ke kan allo.

Sai kuma batun harshe, wanda ya fi tsanani ga ɗan Bahaushen da aka haifa a Kudu, domin shi ƙidaya uku ce ke karo a kansa. A gida yana cewa goma sha uku, wato goma tukuna, sa'an nan ukun da ke kanta, daidai da yadda ake rubuta 13. Turanci kuwa ukun yake fara ambata kafin goman, shi ya sa za a ga yaro ya ji "thirteen" ya rubuta 31, ko kuwa 30, tun da sunayen biyu kusan amo ɗaya gare su a kunnen baƙo. A filin wasa kuma ga ƙidayar Yarabanci, wadda ke tafiya ashirin-ashirin da ragewa. Bayarabe in zai ce 45, biyar yake ragewa daga hamsin, ita kanta hamsin ɗin goma ce aka rage daga ashirin uku. Hausa ma tana da ɗan irin wannan, inda tsofaffi kan ce ashirin biyu babu maimakon sha takwas, sai dai nata bai yi nisa haka ba.

Kada a ɗauka ƙidayar Hausa ba ta da nata tarnaƙi. Ashirin, talatin, arba'in har zuwa casa'in duk daga Larabci aka aro su, saboda haka yaro ba ya jin uku a cikin talatin, balle ya gane goma uku ce. Mutanen da suna cewa gomiya uku, gomiya huɗu, kuma malamin aji ɗaya da zai farfaɗo da wannan tsohon lafazi na 'yan makonni, da ya rage wa kansa rabin wahala.

Hukuma ta daɗe da sanin wannan matsala. Cikin 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji, inda aka koya wa wasu yara kowane darasi da Yarabanci, har da lissafi, tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuwa aka bar shi darasi mai zaman kansa. Da aka gwada su da takwarorinsu waɗanda aka juya wa Turanci tun a tsakiyar hanya, ba su gaza ba ko a Turancin, a wasu darussa ma sun fi. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen wurin da yake zaune. Amma lokacin an riga an buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976, yara suka yi ambaliya fiye da yadda aka shirya, aka rasa isassun malamai da littattafai, sai maganar ta tsaya a takarda a wurare da yawa. Cikin 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a yi dukan shekara shida da harshen uwa, cikin Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilmi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan, ya ce a koma Turanci.

Abin lura shi ne, ko wace hanya aka bi, ɗan Sabo bai shiga lissafin masu tsarin ba. Harshen wurin da yake zaune Yarabanci ne, na jarrabawa Turanci, malamarsa kuwa sau da yawa ba ta jin Hausa. Ba laifinta ba ne, musamman in ta sami kanta gaban yara sun fi ƙarfin benci.

Duk da haka akwai dabarar da ba ta bukatar harshe, kuma tsofaffin malamai sun san ta. A sa kowane yaro ya zo da tsinkayen tsintsiya, ya ƙirga goma-goma ya ɗaure da zare. Dami uku da tsinke biyu, 32 ke nan. A ce ya ba da bakwai. Ba shi da bakwai a warwatse, dole ya kwance dami ɗaya, ya zama yana da dami biyu da tsinke sha biyu, ya ba da bakwai, saura 25. Wannan kwance damin shi ne aron da ake ta faɗa a allo, wanda yara ke haddacewa kamar karatun aku. Marafan kwalba da ƙwallon dabino duk suna yin wannan aiki. Haka nan wasan dara, da ayo na Yarabawa mai gurbi 12 da 'ya'ya 48, inda yaro ke koyon rabawa da ƙirga gaba ba tare da an tsawata masa ba.

A nan ne iyaye da sarakunan Hausawa na waɗannan unguwanni suke da abin yi. Kusan kowane yaro yana zuwa Islamiyya da yamma ko ranakun hutu, wurin malamin da ke jin harshensa. Idan kwamitin makaranta ya ware minti goma sha biyar, sau biyu a mako, a zauna da tsinkaye a faɗi lamba da Hausa, a maimaita ta da Turanci, a rubuta ta a allo, ba a bukatar izni daga Ma'aikatar Ilmi, kuma kuɗin abin bai wuce na tsintsiya ɗaya da alli ba.