Abin da ke riƙe haɗin kai: Darasi daga kasuwar Beji, gayya da adashi

A ranar da kasuwar Beji ke ci, a Ƙaramar Hukumar Bosso ta Jihar Neja, kan hanyar Minna zuwa Zungeru, ana cinikin doya da hatsi da dabbobi na maƙudan kuɗi tsakanin Gbagyi da Hausawa da Fulani da Nufawa, galibi ba tare da an rubuta wata takarda ba. Mai saniya kan miƙa dabbarsa ga dillali, ya koma gefe ya jira kuɗinsa.

Masana zamantakewa sun daɗe suna nazarin abin da ke sa irin wannan amana ta ɗore. Binciken nasu ya nuna cewa kyawun hali kaɗai bai isa ba. Yadda aka tsara jama'ar da kuma ƙa'idojin da suka yarda da su ne ke sa riƙon amana ya fi cin amana riba.

Dillalin ya san zai dawo kasuwar mako mai zuwa, shugabannin kasuwa da abokan sana'arsa sun san shi, sun san gidansu. La'adar da yake samu a ciniki guda ba ta taka kara ta karya ba, amma tana zuwa duk mako muddin sunansa bai ɓaci ba. Idan ya ci amana sau ɗaya, ya yi asarar cinikin shekaru.

Masanin nan Abner Cohen ya ga haka a unguwar Sabo ta Ibadan, a littafin da ya wallafa a 1969. Shanun da fatake ke kaiwa daga Arewa ana sayar wa mahauta Yarabawa ne bashi, maigidan da ya sauki bafataken kuma shi ke tsaya masa. Mahaucin da ya ƙi biya, labarinsa kan bazu nan da nan, a daina ba shi bashi.

Haka abin yake a aikin gayya, wanda manoman ƙasar Hausa suka gada kaka da kakanni. Mai gona ya gayyaci maƙwabta, ya tanadi abinci da fura ko kunu, wani lokaci har da makaɗa. Ba a biyan kowa lada, sai dai kowa ya san wanda ya zo da wanda ya noƙe. Wanda ya saba ƙin amsa gayya, ranar tasa zai tarar da gonarsa ba kowa. A adashi ma uwar adashi ba ta karɓar wanda ba ta sani ba sai wani ya tsaya masa, domin abin tsoro shi ne mutum ya kwashi rabonsa ya daina zubi.

Abu na farko da waɗannan misalai suka haɗu a kai shi ne girman ƙungiya. A 1965 masanin tattalin arziki Mancur Olson na Amurka ya bayyana cewa idan ƙungiya ta yi girma, kowa kan ga kamar gudummawarsa ba za ta sauya komai ba, sai ya zuba ido wasu su yi aikin. A rukunin mutum goma kuwa, rashin mutum ɗaya ba ya ɓoyuwa.

Abu na biyu shi ne ƙa'ida da hukunci. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta yi nazarin yadda al'ummomi ke kula da makiyaya da dazuzzuka da ruwan ban-ruwa. Ta gano cewa tsarin da ke ɗorewa shi ne wanda aka san 'yan ƙungiya sarai, su ne suka tsara dokokinsu, su ke sa ido a kan juna, hukunci kuma yana farawa daga mai sauƙi kafin ya tsananta. Wani gwaji da Ernst Fehr da Simon Gächter suka yi da ɗalibai a Siwizalan, aka wallafa a 2002, ya nuna cewa gudummawa ga asusun haɗaka tana raguwa idan babu hukunci, tana ƙaruwa da zarar an ba mahalarta damar cin tarar mai noƙewa.

Wannan batu ya shafi kuɗin gwamnati kai tsaye. Shirin ba manoma lamuni na Anchor Borrowers, wanda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Jihar Kebbi a Nuwamban 2015, ya dogara ne da haɗa manoma rukuni-rukuni domin su tsaya wa juna. Duk da haka shirin ya yi fama da matsalar rashin biyan bashi. Ƙungiyar da aka harhaɗa cikin gaggawa don karɓar lamuni, ta mutanen da ba su san juna ba kuma ba za su sake haɗuwa ba, ba ta da abin da ke riƙe adashi.

Akwai kuma barazanar rashin tsaro. Hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Shiroro da Rafi da Munya sun raba dubban mutane da garuruwansu. Manomin da ya yi gudun hijira bai rasa gona kawai ba, ya rasa mutanen da za su amsa gayyarsa da waɗanda za su tsaya masa a ba shi bashi. A sabon wurin da ya sauka baƙo ne, kuma tsarin da ya ginu a kan sanayya yakan jinkirta karɓar baƙo.

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga masu tsara shirye-shiryen tallafi, abin lura shi ne su fara da ƙungiyoyin da suka riga suka kafu a kasuwanni da unguwanni, su bar mambobi su tsara ƙa'idojinsu, sannan su samar da hanyar da 'yan gudun hijira za su shiga ta hannun wanda zai tsaya masu.