Tabar Wiwi da Ɗanyen Rogo

Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu yin garin kwaki ya san rogo mai ɗaci ba abin wasa ba ne. Akuya ta sha ruwan da ke tsiyayowa daga buhunsa, sai a tsince ta a kwance. Amma rogon nan dai, in an fere shi, an gurza, an ɗura a buhu, an danne da dutse kwana biyu ko uku, sannan aka soya, ya zama abincin gida. Ba mai hankalin da zai ce tunda gari na ciwuwa, bari ya ci ɗanyen.

Abin da ke zuwa mini a rai ke nan idan na ji matashi ya ce, "Ai Turawa ma sun ce wiwi magani ce."

A ganyen akwai sinadarai fiye da 100, amma biyu aka fi bincika. Ɗaya shi ne THC, mai sa maye, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware a Isra'ila a 1964. Ɗayan CBD, shi ba ya bugarwa. Daga baya aka gano cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da gurabun da THC ke maƙalewa, kuma a 1992 aka gano jiki da kansa yana ƙera wani sinadari mai shiga gurabun nan. Gurabun suna da hannu a harkar jin ciwo, sha'awar abinci da tuna abu. Shi ya sa wiwi ke taɓa duk waɗannan a lokaci guda.

Amfanin da aka tabbatar gaskiya ne, ba kuwa ƙarami ba. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, tataccen CBD, domin wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara tun suna ƙanana. Uwar da ɗanta ke faɗuwa sau da yawa a mako ita ta san darajar wannan. Tun 1985 kuma ake ba masu ciwon daji THC da aka haɗa a ɗakin gwaji, don rage musu amai bayan shan magani. Amma duba yadda aka yi: an tace, an auna, likita na bibiya, har hantar yaron ake gwadawa. Garin ke nan.

Ɗanyen kuwa shi ake naɗawa a kango. Wani bincike da aka buga a 2019, wanda ya shafi biranen Turai da dama da kuma Barazil, ya nuna masu shan wiwi mai ƙarfi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau biyar wajen haɗarin taɓin hankali. Wanda ya fara tun yana ɗan makaranta ya fi shiga tarkon jaraba, domin ƙwaƙwalwarsa ba ta gama nuna ba.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Ƙididdigar da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna mutum miliyan 10.6 ke shan wiwi a Najeriya. Iyaye da malamai, idan yaro ya kawo muku hujjar "magani ce", kada ku tsaya ga tsawa kawai. Ku zaunar da shi ku nuna masa wane sinadari aka gwada, ga wace cuta, kuma a hannun wa.