Karkatar Benci da Ginuwar Ƙirjin Mai Ɗaga Ƙarfe

Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, da wuya ka ratsa unguwa a birnin Katsina ba ka tarar da inda samari suka keɓe don ɗaga ƙarfe ba. Wasu suna biyan kuɗin wata a gidan motsa jiki mai madubi da fanka, amma da yawa a kango ko a bayan gida suke yi, bayan sallar Asuba ko da sanyin La'asar. Kayan aikin ma na gida ne: sandar ƙarfe da aka daskarar wa siminti a gwangwanin fenti ta kowane gefe, ko tsofaffin ƙarafan mota da aka tsinto wurin 'yan gwangwan, sai benci da mai walda ya haɗa. Ana musu sosai kan nauyin ƙarfen, ana gasa a kansa. Shi kuwa bencin, ba a cika tambayar yadda aka kafa shi ba, alhali shi ne yake raba wa tsokoki aikinsu.

Koken da aka fi ji wurin wanda ya daɗe yana ɗaga ƙarfe a kwance shi ne ƙirjinsa ya cika ta ƙasa, sama kuma ya shafe. Maganin da abokai ke ba shi sananne ne: ya ɗaga kan bencin, ya yi a jingine. Shawarar tana da tushe. Inda take ɓaci shi ne wajen yawan ɗagawar, domin bencina masu jingina da yawa da na gani an kafe su a miƙe ƙwarai, kuma an walde su ɗam, ba halin sassautawa.

Babbar tsokar ƙirji shimfiɗe take kamar ganyen giginya: faɗi a gefe guda, tsukakken gindi a ɗaya gefen. Faɗin yana manne a wurare uku. Akwai zaruruwan da suka taso daga ƙashin nan da ya gitta tsakanin gindin wuya da kafaɗa, su ne na sama. Akwai mafi yawa, waɗanda suka taso daga ƙashin tsakiyar ƙirji da guringuntsin haƙarƙari. Sai 'yan kaɗan daga saman ciki. Dukkansu suna tattaruwa su kama ƙashin damtse a kusa da hammata. Tsoka kuwa ba ta ja sai ta inda zarenta ya miƙe. Idan mutum yana kwance sosai, hannuwansa daga gefe suke tasowa su nufi saitin tsakiyar ƙirji, don haka zaruruwan tsakiya da na ƙasa ne ke kan layin aikin. Da ya jingina, sai hanyar hannun ta karkata zuwa wajen fuska, na sama su karɓi kaso mafi girma. Amma akwai wata tsoka a gaban kafaɗa da ita ma aikinta ke nan, ɗaga hannu sama. Duk yadda bencin ya ƙara miƙewa, ita ce ke ƙara ƙwace aikin, har a wayi gari mutum yana gina kafaɗa yana zaton ƙirji yake ginawa.

Masana sun auna wannan da na'urar da ake manna wa fata don jin ƙarfin saƙon da ke isa tsoka yayin da take aiki. A 1995, Barnett da abokan aikinsa a Jami'ar Queensland ta Ostareliya sun gwada mutum 6, suka ga jingina ba ta ƙara wa saman ƙirji aiki fiye da kwanciya ba, gaban kafaɗa dai ne ya ƙara ɗaukar nauyi. Mutum shida sun yi kaɗan a yanke hukunci da su, amma sakamakon ya sa an daina ɗaukar maganar a matsayin wadda ba ta buƙatar hujja. A 2010, Trebs da abokansa a Amurka sun gwada digiri 0 da 28 da 44 da 56, suka samu saman ƙirji ya fi motsawa a wajen 44, tsakiyar ƙirji kuma a kwance. Shekara goma bayan haka, a 2020, masu bincike a Jami'ar Almería ta ƙasar Sifen suka ɗauki mutum 30 da suka saba da ƙarfe, suka bi da su digiri 0, 15, 30, 45 da 60. Saman ƙirji ya kai ƙololuwarsa a digiri 30. Tsakiya da ƙasa sun fi aiki a kwance. Da aka haura 45, sai ƙirji ya ja baya, gaban kafaɗa ya hau, ya kai matuƙa a 60.

Sai dai saƙon da na'ura ta ji yau ba shi ne naman da zai fito bayan wata biyu ba. Shi ya sa na fi ba wani bincike na ƙasar Brazil muhimmanci, wanda Chaves da abokansa suka wallafa a 2020. Sun raba samari 47 da ba su saba ɗaga ƙarfe ba gida uku: masu kwanciya, masu jingina, da masu haɗa biyun. Bayan mako 8 aka auna kaurin tsokar da na'urar hoton ciki a wurare uku na ƙirji. A wuri na sama, masu jingina sun fi sauran ƙaruwa. A sauran wuraren biyu ba a ga bambancin kirki ba. Wato jingina ta ƙara wa sama ba tare da ta tauye ƙasa ba. Bincike ɗaya ne, kuma a kan sababbin shiga, waɗanda kusan kowane irin horo yake karɓarsu, amma ya dace da abin da tsarin tsokar ya nuna.

Abin da na ɗauka daga duk wannan shi ne a fara daga digiri 30, wanda ya ji bai ishe shi ba ya ƙara kaɗan, kada dai a wuce 45. Mutane sun bambanta a tudun ƙirji da yadda suke banƙara baya, saboda haka kusurwar da ta yi wa wani daidai tana iya yi wa wani yawa. Ban kuma ce a yi watsi da bencin kwance ba. A kansa ake ɗaga nauyi mafi yawa, kuma a kansa Najeriya ta yi suna a gasar nakasassu ta duniya: a Paris a 2024, Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167 tana kwance, ta ci zinare, ta kafa sabon tarihi. Benci mai sunkuyar da kai ƙasa kuwa, wanda ake cewa na ƙasan ƙirji ne, ban ga dalilin da talaka zai kashe kuɗin ƙera shi ba, tunda na kwance yana yin aikin.

Akwai abin da kusurwa ba ta iya gyarawa. Ramin da ke tsakanin ɓangarorin ƙirji biyu, da siffar gefen tsokar, gado ne, ya danganta da inda zaruruwan suka manne a ƙashi. Zare ɗaya ne ya taso daga tsakiya har hammata, ba yadda za a yi a kumbura rabinsa na ciki a bar na waje. Haka nan ba digirin da zai maye gurbin abinci da barci. Mai kilo 70 da ke son tsoka yana buƙatar abin da ya kai giram 110 na sinadarin gina jiki a yini, kuma wake da awara da ƙwai da ƙuli-ƙuli da nono duk suna bayarwa.

Wanda ya koma jingine zai tarar ƙarfen da ya saba ɗagawa ya fi ƙarfinsa. Nan ne girman kai yake shigowa. Za ka ga saurayi ya ƙi rage faifai ko ɗaya saboda idon abokai, sai ya ɗaga ƙugu daga kan bencin, ya banƙare har ƙirjinsa ya koma kallon sama sosai. Da wannan ya rushe jinginar da kansa, ya mayar da ita kwanciya, ya kuma ɗora wa ƙashin bayansa abin da bai kamata ba. Daidai shi ne ƙugu ya zauna, tafin ƙafa ya kafu a ƙasa, allunan kafaɗa su matsu ta baya, sandar ta sauko a hankali zuwa saman ƙirji, ƙasa da gindin wuya kaɗan, gwiwar hannu kuma kada ta buɗe ta yi saiti da kafaɗa. Babban yatsa ya zagaye sandar. A kuma samu mai tsayawa a kai, musamman da ƙarfen siminti, wanda da wuya gefensa biyu su zo nauyi ɗaya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yagewar tsokar ƙirji daga inda ta kama damtse. Rauni ne da aka fi samu a wannan motsa jikin, galibi lokacin sauko da nauyi mai yawa. Mai shi yakan ji wani abu ya tsinke, hammata ta kumbura, jini ya kwanta a damtse. Wannan ba aikin maɗori ba ne, domin ƙashi lafiyarsa lau. A nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko wani asibitin da ke da likitan ƙashi, da wuri, saboda ɗinkin da aka yi a makonnin farko ya fi wanda aka yi bayan tsokar ta janye.

Samun digiri 30 ba ya buƙatar wata na'ura, tef ɗin mai walda ya wadatar. A auna tsawon allon jingina daga inda ya lanƙwasa zuwa ƙarshensa, sannan a ɗaga ƙarshen da rabin wannan tsawon, ana aunawa daga saitin malanƙwasar. Allo mai inci 32, in aka ɗaga kansa inci 16, ya ba da digiri 30. Inci 8 ya ba da kusan 15, inci 23 kusan 45, inci 28 kuwa ya kai 60. Tsakanin bencin ƙirji da bencin kafaɗa ke nan inci 12 ne kacal. Don haka mai ba da aiki ya ce wa mai walda: «Maigida, kada ka kafe shi wuri ɗaya. Ka sa masa madogari mai huji uku, a inci 8 da 16 da 23, da ƙusa mai kauri da za ta ratsa ta fito ɗaya gefen.» A kuma ɗan ɗaga gaban mazaunin don kada mutum ya riƙa zamewa. Dogara benci da bulo ko dutse kuwa a bar shi gaba ɗaya, domin bulo yana gocewa ne a daidai lokacin da ƙarfe yake saman fuska.