Kifi Mai Kama da Maciji: Ka Gane Shi Kafin Ka Zuba Masa Gishiri

'Yan uwa masu kiwon kifi, yanzu wasu ƙungiyoyinmu sun fara haɗa kiwon tarwaɗa da sayar da kifin ado, irin wanda ake sakawa a akwatin gilashi a gidaje da ofisoshi. Cikin waɗanda ake nema akwai dogayen nan masu kama da maciji. To amma nan asara take. Kwanaki wani ɗan ƙungiya ya kira ni, kifayensa shida sun mutu cikin kwana biyu. Da na bincika, ashe mai shago ne ya ce masa duk dogon kifi gishiri yake so, shi kuwa ya ɗebo ya zuba. Kama da wane ba ta wane.

Ruwa iri uku ne

Ruwan daɗi, irin na kogi da tafki, gishirinsa bai kai rabin giram a lita ɗaya ba. Ruwan teku yana da kusan giram 35 a lita. Tsakaninsu akwai ruwan bakin teku, inda kogi ke haɗuwa da teku, kamar a Legas da Neja Delta.

Me ya sa wannan ya dame mu? Ka barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir, za ka ga ruwa yana tsattsafowa. Haka gishiri mai yawa ke zuƙe ruwan jikin kifin kogi. Shi kuma kifin bakin teku da ya saba da gishiri, in ka bar shi a ruwan daɗi ba nan take zai mutu ba. Zai daina cin abinci, ya yi ta ramewa har ya tafi.

Yadda za ka bambance su

Gaiwa: ita kowa ya san ta. Tana da 'yan siraran hannuwa huɗu kamar zare, kuma tana tasowa ta shaƙi iska. Ruwan daɗi zalla.

Yauni: filafili ɗaya ne dogo a gadon bayansa, jelarsa tsinini. Ruwan daɗi, amma yana wuce mita ɗaya, don haka akwatin gilashi ba wurinsa ba ne.

Kifin kwari na kudu, ɗan uwan gartsa: siriri ne, ɓawonsa da tauri, da ƙananan filafilai a jere a bayansa, a rarrabe. Daga Najeriya ake fitar da shi ƙasashen waje. Ruwan daɗi ya ishe shi.

Mai ƙaya a baya: bakinsa dogo ne mai tsini, in ka shafa bayansa za ka ji ƙayoyi a jere. Yana son binne kansa a yashi. Akwai shi a kogunanmu, akwai kuma na Asiya. Shi ma ruwan daɗi.

Moray: shi ne mai rikitarwa. Ba shi da filafilai a gefen kai, yana yawan buɗe baki da rufewa, ga haƙora. Yawancinsu na teku ne. Akwai na ƙasar Indiya da ake tallarsa da sunan na ruwan daɗi, alhali na bakin teku ne. Yana buƙatar kamar giram 10 zuwa 15 a lita, a ƙara yayin da yake girma.

In za ka haɗa ruwan gishiri

Ka sayi gishirin teku da ake yi musamman don kifin ado. Na miya bai wadatar ba, haka ma kanwa ko ruwan rijiya mai zartsi. Ka narkar da shi a bokiti daban, ka auna da haidiromita, ba da ido ko harshe ba. Ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin kwanaki. In zafi ya rage ruwan, cika da ruwan daɗi, domin ruwa ne ya tafi, gishirin yana nan.

Kada kuma ka haɗa wannan da wankan gishiri na ɗan lokaci da muke yi wa tarwaɗa in ta ji rauni. Wancan magani ne, wannan mazauni ne.

A ƙarshe, duk dogayen nan gwanayen tserewa ne. Rufe akwatin da kyau, amma ka bar sarari tsakanin ruwa da murfi saboda masu shaƙar iska. Kuma kafin ƙungiya ta fitar da kuɗi, a ɗauki hoton kai da bayan kifin a nuna wa malamin gona. In mai shago ya kasa faɗa maka sunan kifin da inda ya fito, riƙe kuɗinka.

Allah ya ba mu sa'ar kiwo.