Satar Waƙa: Ta Ƙare Ne?

A shekarar 1999 aka buɗe Napster a Amurka. Matasa suka dinga kwasar waƙoƙi kyauta ta intanet, mawaƙa kuwa ko kwabo ba su samu. An rufe shi a 2001 bisa umarnin kotu, amma satar ba ta tsaya ba.

Sauƙi ne ya rage ta. Spotify ya fara a Suwidin a 2008, Boomplay kuma a Nijeriya a 2015. Yanzu mutum yana iya jin waƙa bisa doka ba wahala, mawaƙi ya sami rabonsa, ko da yake kaɗan ne.

To, mu fa? Saboda tsadar data, har yau muna kai waya kasuwa a cika mana waƙoƙi. Iyaye, mu tambayi kanmu: gumin wa muke ci?