Gizo-gizon da ya kamata a sani

Masana sun ƙididdige nau'in gizo-gizo sama da 50,000 a duniya. Kusan dukkansu suna da dafi, domin da shi suke kashe ƙwarin da suke ci, amma waɗanda dafinsu ke iya kwantar da mutum 'yan ƙalilan ne. Babban nan mai dogayen ƙafafu da ke sa yara ihu in ya bi bango da dare, sauro da kyankyaso yake farauta. Mai haɗarin ƙarami ne, kuma ɓuya yake yi.

Dangin Latrodectus su ne abin kula a ƙasashe masu zafi, har da Afirka. Macen ce ke da cizo mai illa. Cikinta a dunƙule yake, baƙi ko ruwan ƙasa, kuma sau da yawa a ƙarƙashinsa akwai tabo ja ko ruwan lemo mai siffar kalangu. Saƙarta a hargitse take, ba ta da tsarin da'ira, kuma ana samunta a ƙarƙashin kujerar roba, bakin bokitin da aka kife, tarin itace ko tsohuwar taya. Mai ruwan ƙasar ta fi sauƙin ganewa, don jakar ƙwanta tana da tsini-tsini a jikinta.

Ba ta bin mutum. Sai an matse ta take cizo, galibi lokacin da aka zura hannu a lungu ba a duba ba, ko aka sa takalmin da ya daɗe a ajiye ba a kakkaɓe shi ba. Dafinta jijiyoyi yake kamawa. Wurin zai yi zugi, wani lokaci zufa ta keto, tsokoki su ɗaure, ciki ya murɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawar ɗaukar reza da ake yi bayan cizo. Tsaga wurin, ko tsotsa, ko ɗaure hannu tamau, ba ya fitar da dafin. Ƙofa kawai ake buɗe wa ƙwayoyin cuta. A wanke da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi. Idan yaro ne ko tsoho, ko ciwon ya fara yaɗuwa a jiki, a nufi asibiti ba tare da jira ba, kuma in an samu hali a ɗauki hoton gizo-gizon a waya don likita ya gani.